Harafin Malama Herminia

Shekara talatin da takwas Malama Herminia tana koyarwa a firamaren garinmu, Soatá. Kowace Juma'a sai ta yi mana shifta, wanda ya kuskure kalma ya rubuta ta sau hamsin a allo.

Da ta tsufa muka saka ta a zauren tsofaffin ɗalibai na waya. Ba ta hira, sai dai ta maido wa mutum kalmarsa a gyare. Baudilio mahauci yakan tsokane ta: "Haba Malama, waya ce fa, an dai gane!"

Ranar da ta rasu shi ya sanar a zauren, ya rubuta sunanta ba H, tunda a yarenmu ba ma furta harafin. Washegari da rana muna fitowa daga maƙabarta sai wayoyinmu suka yi ƙara tare. Saƙo ne daga lambarta, harafi ɗaya: H.

Baudilio ya dubi Otilia, 'yar ƙanwar Malama, ya ce, "Ke ce ko?"

Otilia ta ce a hankali, "Wayar tana aljihun rigar da muka binne ta da ita."

Tun ranar Baudilio saƙon murya kawai yake turowa.