Sharar Hajaru

Har gobe ban manta da safiyar da aka tarbe mu da aji fes a wata firamare cikin Yelwa ba. Lokacin ba a daɗe da yanke Kebbi daga Sakkwato ba. Wata likita ce ta zo binciken abin da ke tayar wa yaran gari da asma a cikin azuzuwa, tana neman mace mai takardar sakandare da za ta taya ta aiki. Maigidana ya yarje mini, na shiga aikin wucin gadi.

Aikina shi ne in bi ƙarƙashin benci da bakin taga da ɗan buroshi, in tara ƙura a leda, a kai ɗakin gwaji a duba ko akwai kashin kyankyaso, na ɓera ko na jemage a ciki. Ita kuma likita ta sa yara su hura wani bututu a ga ƙarfin numfashinsu. Sharaɗi ɗaya aka ba makarantu: kada a share.

To, amma wa ke tarbar baƙo da datti? Hedimasta, dattijo mai son fita kunya, ya sa an share ajin tas, an yayyafa ruwa, har da turaren wuta. Likita ta riƙe kai, ta ce mu wuce gaba, babu abin ɗauka.

Ni kuwa kunnena na bayan aji, inda nake jin wani sauti kamar kukan ɗan kyanwa. Na zagaya na tarar da yarinya durƙushe, tsintsiya a gefenta, haƙarƙarinta na shiga yana fita. Hajaru sunanta, ɗiyar masunta daga tsallaken ruwa. Sai ta jira kwalekwale, don haka kullum a makare take zuwa, kuma dokar makarantar wanda ya makara shi ke shara. Bayan likita ta shaƙa mata magani, yarinyar ta samu bakin magana, ta ce babanta ya rantse wannan ne zangonta na ƙarshe, tunda a bakin ruwa lafiya lau take, sai ta zo boko ƙirji ya toshe.

Na sa ta nuna mini inda ta zubar da sharar, na tsuguna ina ɗiba. Sai ga hedimasta a kaina.

"Hajiya, juji za ki kwasa da sunan makarantata? Mi za a ce da ni?"

"Ranka ya daɗe, wagga shara ta riga ta shiga ƙirjin ɗiyar mutane. In ƙirjinta ya ɗauka, ledata ma za ta ɗauka."

Ya ce ya san maigidana, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, zai kai masa ƙarata. Na ce ya gaishe shi, ya san wadda ya aura. Likita ta ja ni gefe ta ce ƙurar ta gauraya da ƙasar waje, da wuya a karɓe ta, in zo mu tafi. Na ce ba na shiga mota sai an raba yarinyar nan da tsintsiya. Na shimfiɗa gyalena a inuwar dogon yaro na zauna.

Hedimasta ya ce doka doka ce, in ya ɗaga wa ɗaya, gobe duk makarantar za ta makara. Na ce ban ce a yafe mata ba, a ba ta bokiti ta ɗebo ruwan randa, ai ɗiyar ruwa ce. Rana ta take, direba na ta hon, malamai na leƙe ta taga. Can hedimasta ya sa aka karɓi tsintsiyar, bai ko dube ni ba.

Ledata kuwa, kamar yadda likita ta faɗa, ɗakin gwaji suka ƙi ta. Ban ji zafi ba. Hajaru ta dawo zango na gaba, da na bayansa, tarin ya yi sauƙi, har ta gama aji shida, alhamdu lillahi.

Ku da ke wannan aikin yanzu, ku sani mutanenmu ba ɓoye cuta suke yi ba, kunya ce ke sa su gyara wa baƙo. In kun tarar da aji fes, kada ku juya. Ku tambayi wanda ya share.