Lambar da Malam Dalhatu Ba Ya Rubutawa

Shekara ashirin da shida Malam Dalhatu ya yi a ɗakin kati na wani asibiti a Kankiya. Bai taɓa yi wa ko kaza allura ba, amma in ya je ƙauyensu can wajen Dudunni, Likita ake ce masa, shi kuwa bai taɓa ɓata bakinsa wajen gyara wa kowa ba. Aikinsa shi ne in likita ya gama rubutunsa, ya karɓi fayil ya mayar da ciwon lamba. Zazzaɓin cizon sauro da ba a fayyace ba, B54. Wanda ya hau kai ya taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya yi ta jijjiga har ya suma, B50.0. Ƙarshen wata a tattara lambobin a aika Katsina.

Mutum ne mai tsabtar aiki, biro uku a aljihu, kuma ba ya karɓar ko ƙwan zabi daga hannun kowa. Aibinsa ɗaya: kunyar mutanen garinsu. Da damina ta yi nisa, sauro ya samu gari, sai ka ga iyaye suna leƙo ta tagar ɗakin kati.

"Likita, don Allah kak ka sa ma ɗiyag ga lamba ta ƙwaƙwalwa. Gobe a ce taɓuwa ta yi, ko hwarhwaɗiya gare ta, a rasa mai ci kwano ɗaya da ita."

Duk ƙauyen babu mai iya karanta lambar, fayil ɗin ma ba ya fita daga asibiti. Amma a wurinsu abin da gwamnati ta rubuta ya rubutu. Sai Malam Dalhatu ya yi murmushi, ya sa B54, ya sha addu'a. Albarkar da aka sa masa a tagar nan ba ta ƙidayuwa.

Nwamaka, abokiyar aikinsa, ta sha yi masa magana. "Oga, likita ya rubuta abu ɗaya, kai ka sa wani."

"Haba Madam, ai duk sauro ne," in ji shi.

Da kwamfuta ta zo, aka fara ware lambobin mazaɓa-mazaɓa. Manya suka duba, suka ga abin mamaki: shekara da shekaru zazzaɓi bai hau kan yaro ko ɗaya daga yankin su Malam Dalhatu ba. Da aka tashi rabon allurar gaggawa ta irin wannan zazzaɓin, sai aka kai ta inda lissafi ya nuna ana buƙata. Ƙaramin asibitin ƙauyensu kuwa aka ba shi takardar yabo, a cikin gilashi. An gayyaci Malam Dalhatu bikin, a matsayinsa na ɗan gari mai ilimi. Ya zauna a sahun gaba, ya sha lemo mai sanyi, ya tafa. Ya san daga inda yabon ya samo asali, amma ya ce wa kansa gobe zai gyara, goben da ta ci damina biyu.

A ta uku ne, wata ranar Laraba bayan azahar, jikarsa Kamila ta fara jijjiga. 'Yar shekara huɗu ce, ɗiyar Sumaiya, 'yarsa ta fari da ke aure a ƙauyen. Amarya yake ce wa jikar, ita kuma ta ce ba ta auren tsoho mai furfura. Aka ruga da ita ƙaramin asibiti. Ma'aikacin ya buɗe kabad ya nuna musu, babu allurar gaggawar. "Ba a ba mu ba. An ce mu ba mu da irin wannan." Takardar yabon na rataye a saman kabad ɗin, an goge ta tas.

Aka hau babur za a Kankiya. Rafi ya kawo, sai da suka jira ya janye. Kwana huɗu Kamila ta yi a Kankiya ba ta san inda kanta yake ba. A na biyar ta buɗe ido, ta gane uwarta, ta nemi koko. Kowa ya yi hamdala. Sai da kwano ya faɗi a bayanta ba ta waiwaya ba, aka gane kunnen ya tafi.

Ranar sallama fayil ɗinta ya iso teburin kakanta. Likita ya rubuta komai ɓaro-ɓaro. Sumaiya ta zo tagar, da yarinyar a kafaɗa, ta tsaya inda iyayen garinsu suka saba tsayawa.

"Baba, ka ruhwa ma ɗiyan kowa asiri. Ka ruhwa ma taka."

Nwamaka ta sunkuyar da kai kan kwamfutarta. Malam Dalhatu ya zaro biro, ya rubuta B50.0, ya sake bi ta kai har takardar ta kusa hujewa.

"Wacce ka sa, Baba?"

"Wadda ya kamata in sa tun kahin a haihe ta."

Sumaiya ta juya ba sallama. Ya leƙa ta tagar, ya ɗaga murya yadda ya saba. "Amarya! Amarya, ba ki yi mani ban kwana ba!"

Duk layin masu karɓar kati suka waiwayo, ban da ita.