Tiransista Daga Rediyon Baba

A wata Asabar ta kakar 1976 motar auduga ta sauke ni a Gusau, ina rungume da ɓallin katako a cikin riga kamar wanda ya sato kaza. Daga Rawayya na biyo Kawu Bala da sunan zan taya shi gadin buhuna, amma ko buhu ɗaya ban kalla ba na sulale zuwa Tudun Wada, rumfar Malam Garba mai gyaran rediyo. Shi ne a zuwana na baya ya gaji da tambayoyina, ya nuna mini yadda ake haɗa 'yar rediyo mai batir ɗaya. Ya tsinto mini abin sawa a kunne da abin murɗa tasha cikin tarkacensa, ya haɗa mini da sabon tiransista, wato ɗan mitsitsin abin nan mai ƙafa uku da ke ƙara wa murya ƙarfi. Na koma gida na naɗe waya a jikin karan dawa, na ja eriya daga kan rumbu zuwa bishiyar dogon yaro, na haɗa komai yadda ya ce. Abin nan ko tari bai yi ba.

Malam Garba ya juya katakon, ya ce haɗi ya yi. Sannan ya jona waya a batirin ya ɗanɗana da harshe, ya tambaye ni inda na samo wannan gawa. Na gaya masa gaskiya. Mu yaran ƙauye wa zai ba mu sabon batir? Wanda masu tocila suka yar muke tsinta, mu shanya a rana kan jinkar rumbu, mu ɗan bubbuga shi da dutse, sai ya farfaɗo na yini ɗaya ko biyu. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Wanga tiransista sabo na, ƙarhi shika so. Tahi ka nemo irin na da, shi ka tashi ko da batir ya gaji." Ya kwatanta mini shi: siriri, baƙi, da ɗigon ja a gefe, a cikin tsofaffin rediyo masu rigar fata ake samunsa. Nasa sun ƙare. Ya kuma ja mini kunne cewa zafi na kashe shi nan take, in riƙe ƙafarsa da jiƙaƙƙiyar auduga in zan narka dalma.

Tun bai rufe baki ba na san inda irin wannan rediyo take. Tana ɗakin Inna, mahaifiyata, a saman jeren kwanoni, lulluɓe da farin ƙyalle. Ta Baba ce. Da ita yake zama gindin dogon yaro bayan la'asar, in ya dawo daga gona, yana jin labarai yana musu da mai karantawa kamar suna ganin juna. Da ya rasu babu wanda ya iya taɓa ta har Inna ta fita takaba, batiran da ke ciki suka fashe, ruwansu ya cinye mata ciki. Rediyon ba ta ƙara magana ba. Duk da haka kullum safe Inna sai ta goge ta kafin ta goge kwanoninta, kuma ko ƙanwata ba ta yarda ta ɗaga ƙyallen ba.

Na yi ta kewaye-kewaye. In na kai abinci gona sai in ratsa gidajen mutane ina cigiyar matacciyar rediyo, ranar kasuwa na taka har Nahuce, na tare makiyaya masu rataye da tasu a kafaɗa, suka dube ni kamar na nemi saniya kyauta. Langa ma na daina zuwa. Ina yankan ciyawar awaki ina tunanin ɗigon ja, ina tsinkar auduga ina tunaninsa. Na so rediyon nan tawa ta yi magana kamar in mutu, amma bakina ya ƙi furta wa Inna, don na san abin da zan roƙa ba ƙaramin abu ba ne.

Ashe cigiyata ta kai kunnen Kawu Bala, ya riga ya fesa mata. Wata rana bayan azahar na shigo da ciyawa, na tarar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, rediyon Baba na kai, babu ƙyalle. Ta ce, "Lawali, ɗauki abin da kaka so ciki, amma ka mayar man da rigarta yadda take." Na kwance bayanta. Duk ciki ya yi kore ya yi tsatsa, amma can gefe ga shi nan tsaye, baƙi, da ɗigonsa ja. Na sa ƙusa a garwashin murhu ta yi zafi. Inna da kanta ta jiƙa auduga ta riƙe masa ƙafa, tana kau da fuska daga hayaƙin dalma. Na ciro shi, na dasa a katakona a gurbin sabon.

Ana sallame la'asar na sauko da batir daga kan rumbu, da ɗuminsa, na jona. Sai na ji shuu, na murɗa kaɗan, ga muryar mutum siririya kamar daga cikin rijiya. Na miƙa wa Inna abin sawa a kunnen. Ta ɗaga gefen ɗankwali ta sa a kunne. Mai karanta labaran nan ne da Baba ke musu da shi. Ta daɗe tana kallon gindin dogon yaro, sannan ta ce a hankali, "Ashe shi yana nan, yana ta magana." Ba ta cire ba sai da batirin ya mutu.

Yau jikokina na yawo da waya a aljihu, an ce tiransistocin da ke cikinta ido ba ya ganinsu, in ta lalace kuma yar da ita ake yi. Ba na ganin laifinsu. Inna ta daɗe da bin Baba, dogon yaron ma an sare shi an yi ɗaki a wurin. Rediyon tana wurina da rigarta ta fata, babu abin da ta rasa sai wancan ɗan abu guda. Ni nake goge ta yanzu.