Matar da Ta Kife Ƙwarya a Kasuwa

A gidanmu na Roni, da mun ci tuwo bayan magariba sai mu kewaye murhu kafin garwashin ya mutu, ni da yayyena mata biyu, kakarmu Inna Dije tana iza kara tana ba mu labari. Bafulatana ce, ta yi shekara da shekaru tana kai nono kasuwa kafin gwiwoyinta su zaunar da ita. Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne. Amma akwai guda ɗaya da ba ta fara ta sai ta juya gefe ta tofar da yawu.

"Ga ta nan," in ji ta, "amma ta yau mai ƙazanta ce. Kun dai gama cin abinci ko?"

Wai a wani gari an yi wani sarkin kasuwa. Duk ranar kasuwa sai ya bi layin masu nono, wai zai ɗanɗana. Ba ya karɓar ludayi. Yatsan da ya gama sakace haƙori da shi, shi yake tsomawa, ya lashe, ya sake tsomawa a ƙwarya ta gaba. In mai nonon budurwa ce, hannun ba ya tsayawa a ƙwarya. Kowa yana gani. Mazan rumfa su kau da kai, matan su koma gida su dirje ƙwaryarsu da toka, su yi shiru.

A cikin matan akwai wata Hanne, mai murya kamar tsohuwar ƙofar langalanga. Ko a gidan biki in ta sa baki a waƙa, roƙonta ake ta bari. Ranar da mutumin nan ya kai hannu jikin ƙanwarta, sai Hanne ta juye nononta kaf a ƙasa, ta kife ƙwaryar, ta hau dukanta da ludayi tana kiran sunansa, tana faɗin abin da yake yi dalla-dalla. Kiɗan ba tsari, waƙar ba daɗi. A nan Inna takan kife kwanon tuwo ta gwada mana, mu toshe kunne. Wai can sai ta kusa da ita ta juye nata nonon, sai ta uku, har layin duka ya ɗauka. Mutumin ya tattare riga ya sulale, mai gari ya tsige shi.

Na ce, "Inna, sai aka yi wa Hanne kyauta?"

"Kyauta? Cewa aka yi ba ta da kunya. Shi bayan damina aka mayar da shi kan muƙaminsa. Ita kuwa ba wanda ya ƙara sayen nononta. Iyakarta ke nan, ku tashi."

Na daɗe ina jin haushin mutanen garin nan. A raina na rantse, da ina wurin da ni ce ta biyu wajen kife ƙwarya.

Kwanan baya 'yata Safiya ta nuna mini a waya wasu mata na wata ƙasa, kai a aske, suna dukan jita suna ihu. Ta ce sunan kiɗan pank. Na ce, "Kashe mini wannan hauka. Marasa kunya kawai."

Ta ce, "Mama, yawancinsu ba su ma iya kiɗan sosai ba. Waƙa suke a kan mazan da ke taɓa su a wurin aiki."

Sai na ji kalmar da ta fito daga bakina, kuma ba ranar na fara faɗinta ba.

Na yi aikin gwamnati a Kazaure. Muna da wani shugaba mai kiran ƙananan ma'aikata mata ofishinsa ya rufe ƙofa. Duk mun sani. Wata rana wata yarinya, Rabi, ta fito da gudu, gyalenta a hannu, ta tsaya tsakiyar baranda tana faɗin abin da ya yi mata da iyakar muryarta. Mu manyan mata muka ja ta gefe. Ni na ce mata, "Rufa wa kanki asiri, ke ba ki da kunya ne?" Ba ta ƙara wata guda a wurin ba. Shi ya yi ritaya lafiya, aka haɗa masa walima, ni na soya naman.

Ina yarinya, sarkin kasuwa ne ke tayar mini da zuciya a labarin Inna. Yanzu na fi ƙyamar waɗanda suka daina sayen nonon, domin na san irin fuskarsu: masu kamun kai ne, masu tarbiyya, ana gaishe su da ladabi.

Bara na haɗu da Rabi a kasuwar Babura, tana sayar da atamfa. Ta gane ni. Ta russuna har ƙasa ta ce, "Hajiya, ina wuni?" Na amsa, na tambayi yara, na taya atamfar da ba na buƙata. Haƙurin da ya kamata in ba ta, da shi na dawo gida.