Alhaji Badaru da Godiyar da Na Riƙe

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Alhaji Badaru a gidansa da ke East Greensboro, bayan jinyar wata biyu.

Alhaji, shekara ashirin ka yi kana ɗinkin kujeru a masana'anta tare da 'yan Vietnam, har ka san halinsu kamar 'yan unguwarku. Ni kuwa ban san komai ba sai zafin kai. Da aka sallame ni daga aiki, kilishi da yajin da matata Sadia ke yi ne kaɗai suka riƙe gidanmu, muna ta neman kantin da zai karɓa. Na shiga wani kantin 'yan Vietnam ɗin a kan titin Gate City Boulevard, na wuce wani tsoho zaune a bakin ƙofa, na nufi ɗansa mai jin Turanci. Na miƙa masa katin sana'armu da hannun dama yadda aka tarbiyyantar da ni, na hau zancen farashi tun ban zauna ba. Ya yi murmushi, na fito ina murna. Wata guda shiru.

Da na kawo maka ƙorafi, a gaban Sadia ka ce, "Zubair, a gidanku haka kake wuce babba? Tsohon nan, Baba Lam, shi ne mai shagon. Kuma da hannu biyu ake miƙa musu abu."

"Har da hagu, Alhaji? Ai raini ne."

"A wurinka. A wurinsu hannu ɗaya ne rainin."

Na ji haushi ƙwarai, amma na bi ka gidan tsohon. Muka cire takalma, muka fara gaishe shi kafin kowa. Na miƙa kwandon lemo da hannu biyu, hagun nan yana mini nauyi kamar ba nawa ba. Muka sha shayi, aka yi ta hirar jikoki, ka hana ni ko ambaton kilishi. A ziyara ta uku tsohon da kansa ya tambayi kilishin. Yau shekara huɗu kayan Sadia suna kantinsa.

Abin da ke cin raina shi ne ban taɓa ce maka na gode ba. Gyaran da ka yi mini a gaban matata ya tsaya mini a wuya, har na riƙa faɗa wa mutane dabarata ce. Sau uku na je duba ka da niyyar faɗa, sai in ɓige da hirar siyasar gida. Ga shi na rubuta inda kowa zai gani, ban da kai. Na gode, Alhaji. Ka yafe mini.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ku kuma iyalansa, Hajiya Zaratu, Abdulmuhaimin da Afnan, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya zama gatanku. Amin.