Abin da Kawu Ya Wanke a Rafi

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, manomin lambu ne tun kafin a haife ni. Tumatir da barkono yake nomawa a bakin rafi, a wani fili da bai kai kadada ɗaya ba. Ba shi da yawan magana. Abin da aka san shi da shi shi ne tsabtar kayan aiki: bai taɓa komawa gida da fartanya mai laka ba. In ya tashi daga aiki sai ya tsuguna a kan wani faffaɗan dutse a bakin ruwa, ya wanke fartanya, ya wanke bokiti, ya ɗauraye injin feshi sau uku, sannan ya wanke ƙafafunsa. Shi ya sa amininsa Dogo yake kiransa likitan fartanya.

Gonar Dogo tana ƙasa da ta Kawu, tafiyar minti biyar in ka bi ruwan. Tare suka tashi, kuma in ji su rana ɗaya suka gudu daga makaranta. Da ciwon gwiwa ya hana Dogo aikin sunkuyo, gonarsa ta koma ciyawa. Ana cikin haka wata ƙungiya ta zo da tallafin kiwon kifi. Mutum goma sha biyu ta ɗauka: a haƙa maka rami, a shimfiɗa leda, a ba ka 'ya'yan tarwaɗa ɗari biyar da abincinsu. Dogo ya samu shiga. Kawu ne na goma sha uku, aka ce ya jira.

Zubin farko ya yi kyau. Dogo ya sauya kwanon ɗakinsa da ke yoyo, 'yarsa ta koma makaranta, ya ma fara zuwa asibiti kan gwiwar. Matarsa ce ke ba kifin abinci safe da yamma, shi kuma yana sauya musu ruwa da ɗan injin da ke jawowa daga rafi.

“Masuncin tudu,” Kawu kan ce in ya zo wucewa, “yau me 'ya'yan naka suka ce?”

“Sun ce a gaishe ka, amma ka rage haɗiyar yawu a gabansu.”

A zubi na biyu, saura wata guda a kwashe, aka wayi gari kifin duk sun taso ciki sama. Malamin kifi na ƙungiyar ya zo a babur, ya leƙa, ya shinshina ruwan, ya ce abinci ne ya yi yawa ya ruɓe a ƙasa. Ƙa'idarsu kuwa, wanda ya yi asara ta sakaci a ba na bayansa gurbin. Na bayan shi ne Kawu.

Kwana tara da faruwar haka na je lambu yi masa murna. Na same shi zaune a rumfa da azahar, kwanon abincinsa a rufe, tururuwa na zagaya shi.

“Kawu, an ce jibi za a zo auna wurin ramin.”

“Haka suka ce.” Ya daɗe yana murza wani busasshen barkono. “Zauna, ɗana. Kai ba ka katse mutum.”

Ya ce ana gobe kifin za su mutu ya yi feshin maganin ƙwari, wani sabo mai ƙarfi da mai shago ya yaba masa. Ya rage kusan kwata a tankin. Ya je kan dutsensa ya tuntsurar da shi a ruwa, ya ɗauraye sau uku kamar kullum. A daidai lokacin yana jin ƙarar injin Dogo daga ƙasa, yana jan ruwa.

“Har na ce a raina, Dogo na ƙoƙari. Shekara talatin ina wanki a wurin nan, ruwa ya tafi da shi, ban taɓa tambayar ina yake kai shi ba. Sai da na ga farin cikkunan nan da safe na gane. Ina tsaye malamin ya ce abinci ne. Na buɗe baki, sai na ji an ambaci sunana a gurbin, na rufe.”

Ba zan ɓoye ba, na san abin da ramin kifi zai yi wa gidan Kawu, har da mu. Na ce, “Wataƙila ba shi ba ne, Kawu. Ai malamin ya fi mu sani.”

Ya dube ni, ba da faɗa ba. “Ni ma haka nake gaya wa kaina kwana tara. Ka ga na ƙoshi?” Ya tura kwanon gefe. “Tashi ka raka ni, kada in juyo a hanya.”

Kawu ya jawo kekensa muka tafi. Mun sami Dogo a bakin ramin da aka kwashe, ledar ta bushe tana tsagewa. Ya miƙe ƙafar mai ciwo a kan bulo.

“Likita, ka zo ganin gadonka? Ɗauki ledar ma, ta fi ƙarfina.”

Kawu bai yi dariya ba. Ya tsuguna a ƙasa, ya faɗi komai yadda ya faɗa mini, bai rage ba. Ya ce gobe zai je ofis ya maimaita a gaban malamin, a mayar da sunan Dogo.

Da Dogo ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa take.

“Ka san abin da na ce wa uwar yaran nan? Na ce hannunta ne ba ya sanin awo, ita ta kashe su. A gaban 'yarta na faɗa. Yau kwana shida tana gidan wanta.”

Kawu ya sunkuyar da kai.

“Ofis ya jira,” in ji Dogo. “Ba malami za ka fara gaya wa ba, ita za ka fara gaya wa. Kawo keken nan naka, ƙafata ba za ta kai ni ba.”

Na riƙe keken, Dogo ya hau baya da ƙyar. Kawu bai hau ba, turawa ya yi, hannu ɗaya a kan kafaɗar abokinsa.

Washegari malamin kifi ya saurari Kawu, ya mayar da sunan Dogo, amma sai zubin baɗi, don 'ya'yan kifin bana sun riga sun ƙare. Matar Dogo ta dawo bayan sati. Kawu kuwa, tun a ƙofar gidan wanta ta ce ta yafe masa, ganganci ne ba mugunta ba. Mijinta ne har yau take amsa wa gaisuwa a taƙaice.