Lasifikar Ɗakin Maman Clara

Malam Gershon mutumin Zonkwa ne, amma a Kafanchan ya yi rayuwarsa, yana koyarwa a firamare har ya yi ritaya. Mutum ne marar yawan magana. Matarsa Theresa, wadda kowa ke kira Maman Clara, ita ce mai bakin gidan. Ita ke bayar da waƙa a Zumuntar Mata ta cocinsu, in ta ɗaga murya har masu wucewa a titi sukan tsaya.

Shekara da shekaru suna gina gidansu a bayan gari, bulo bayan bulo. Ana saura fenti ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta. Ta rayu, amma hannun dama ya mutu, magana kuma ta tafi. A kan katifa aka shigar da ita sabon gidan.

Shirun gidan ya dami Malam. Shi ke girki yanzu, shi ke wanki, daga kicin kuwa ba ya jin ko motsinta. Sai ya yi tunanin ya sa waƙa ta riƙa tashi a falo da kicin da ɗakinta lokaci guda, su riƙa jin abu ɗaya ko ba sa tare.

Ya je kasuwa wurin Yunusa mai kayan sauti. Yunusa ya fito da wasu ƙananan lasifikoki marasa waya, masu aiki da wayar hannu. Da Malam ya ji kuɗinsu sai ya mayar da su a hankali.

"Baba, gidan naka akwai wuta?"

"Ko turken ba su kawo ba. Sola ce ƙarama."

"To bar waɗannan. Ga amfilifaya ta hannu mai ƙara sauti, ba ta cin batir. Ka haɗa da lasifika uku, a ja waya ta silin. Ba ta da kyan gani, amma za ta yi."

Ita ya ɗauka. Washegari Yunusa ya zo da kansa ya haɗa, ya kuma juye masa wani tsohon kaset na taron Zumunta da Malam ya ba shi a kan katin memori.

Ranar Lahadi bayan sujada Malam ya kunna. Tukwanen kiɗa suka fara, sai muryar Theresa ta cika gidan, garau, kamar jiya. Ya nufi ɗakinta da murmushi.

Ya same ta ta juya fuska ga bango, tana dukan katifa da hannun hagu. Bakinta na motsi, ba abin da ke fita sai gurnani. Hawaye sun jiƙa matashin.

"Maman Clara, ke ce fa. Muryarki ce."

Ta ƙara dukan katifar. Ya tsaya kamar an dasa shi, sannan ya hau kujera ya fizge wayar lasifikar. Amma waƙar na ci gaba a falo, sai da ya ruga ya kashe.

Bai sake kunnawa ba. Da damina ta kama, 'yarsu Clara ta zo daga Jos ta tafi da uwar, don a can asibiti ya fi kusa. Malam ya so ya bi su, aka ce wa zai tsare gida. Can Theresa ta rasu kafin girbin citta. Ba ya kusa, a waya aka gaya masa.